Pak Derus da Koriyar Waya

To, ku gyara zama, yau Pak Derus za mu taɓa.

A ƙauyen Parit Buluh babu wanda bai san Pak Derus ba. Gajere ne mai tumbi, kullum da testa, ɗan sukudireban nan na gwada wuta, maƙale a aljihun rigarsa, ko masallaci za shi ko gidan biki. Shekara uku ya yi yana bin Ah Keong, mai lasisin wayarin da ke bakin kasuwa, kuma a shekara ukun nan aikinsa biyu ne rak: tuƙa mota da riƙe tsani. Amma in ka ji shi a rumfar shayin Wak Karto, sai ka rantse shi ya jawo wa jihar Perak wuta da hannunsa.

"Ni wuta ta san ni," in ji shi wata safiya, yana tsoma gurasar roti a miya. "In na shiga ɗaki, ƙwan lantarki da kansa yake ƙara haske."

"Shi ya sa na ƙofar gidanka ya mutu tun watan jiya," in ji Wak Karto, yana jan shayi daga kofi zuwa kofi. "Haske ya yi masa yawa."

Ana cikin dariya sai ga Tok Sidek, dagacin ƙauyen, ya shigo yana dogara lema. Ya zauna, ya ce an gama ginin sabon zauren taro, saura wayarin kawai, kuma nan da wata biyu za a buɗe.

Pak Derus ya ajiye roti. "Tok, ai an gama magana. Ga ni."

"Ga ka, na gan ka. Lasisin fa? Ba za a jona mana wuta ba sai mai lasisi ya sa hannu."

"Takarda ce fa kawai, Tok."

"To kawo takardar kawai."

Pak Derus ya miƙe tsaye don kowa ya ji. Ya ce akwai jarrabawa nan da sati shida, zai je ya karɓo abinsa. Ya ɗaga hannun dama sama ya ce ranar buɗe zauren nan wannan hannun ne zai kunna wuta, kuma sunansa ne za a rubuta a jikin akwatin makunni, ba sunan wani ɗan bakin kasuwa ba. Tok Sidek mutum ne mai haƙuri. Ya ce ya ji, zai jira. In lasisi ya zo, aiki na Derus ne. In bai zo ba, na Ah Keong ne.

Kafin a zauna jarrabawa sai an kai hoto, an cike takarda, sannan a haɗa da wasiƙar mai lasisi da ke shaida mutum ya yi shekara uku a bakin aiki. Don haka Pak Derus ya hau babur sai shagon Ah Keong.

"Tauke," ya ce wa tsohon maigidan nasa, don haka ake kiran mai shago a can, "rubuta ka ce na ƙware."

Ah Keong ya dube shi ta saman tabarau. "Zan rubuta ka yi shekara uku tare da ni. Wannan gaskiya ne."

"Ƙara da cewa ban taɓa yin kuskure a waya ba."

"Wannan ma gaskiya ne. Ban taɓa barin ka ka taɓa ta ba."

Ya rubuta, ya buga hatimi. Sannan ya jawo wani littafi mai kauri ya ce Derus ya tafi da shi, kuma ya riƙa zuwa bayan la'asar yana nuna masa. Pak Derus ya ture littafin da ɗan yatsa, ya ce yara ne ke karatu, shi a ka yake da abinsa.

"To riƙe wannan ko da shi kaɗai ne," in ji Ah Keong. "Jar waya ita ce mai wuta. Baƙa ita ce hanyar komawa. Koriya ta ƙasa ce. Koriya dole ta isa ƙasa, in ba haka ba mutum ne zai zama ƙasar. Ka ji?"

"Koriya ta ƙasa," in ji Pak Derus. "Na daɗe da sani."

Daga ja da baƙa kam, kafin ya kai gida sun cakuɗe masa. Amma koriyar nan ta zauna daram a kansa.

Ya fara gwaji da gidansa. Kwana biyu yana saman rufi yana huci, ana jin ƙwanƙwasa. Gidan na katako ne a kan turaku, don haka koriyar ba ta ba shi wahala ba: ya zuro ta ta tsakanin katakon daɓe, ya ɗaura mata ƙusa, ya soke a ƙarƙashin gida inda kaji ke tono. Rana ta uku matarsa, Mak Semah, ta same shi a baranda, ta kira shi Abang kamar yadda matan garin ke kiran mazansu.

"Abang, tukunyar shinkafa ta lantarki ba ta kamawa sai an kunna fitilar banɗaki."

"Tsari ne. Don kada a yi ɓarnar wuta."

"To in ina son dafa abinci sai na roƙi wani ya shiga banɗaki ya zauna?"

"Ba sai ya zauna ba. Ya kunna ya fito."

"Fanka kuma baya take juyawa. Zafi take zubo mana."

"Ki koma ɗaya gefen."

Mak Semah ta juya, ta koma ta hura gawayi.

Daga nan sai rumfar Wak Karto. Soket ɗin firij ne ya ɗan saki, abin da za a ɗaure da sukudireba a minti biyu. Pak Derus ya ce a bar masa, kyauta. Ya kwance komai ya mayar, sai koriya ta rage a hannunsa, ga daɓen rumfar siminti ne. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Can ya hango tukunyar da matar Wak Karto ta shuka barkono. Ya jawo ta kusa, ya cusa wayar a ciki, ya danna da babban yatsa.

Da azahar wani mai yankan bishiyar roba don tatsar ƙaro ya zo ɗaukar lemo mai sanyi. Yana taɓa murfin firij ya yi tsalle ya yi salati, ya faɗa kan benci.

"Derus!" Wak Karto ya yi kira. "Zo ka ga firij ɗina ya koma cizo!"

Pak Derus ya zo ya durƙusa, ya ɗebi ƙasar tukunyar ya murza, ya sansana, ya girgiza kai kamar likita.

"Ba aikina ba ne, Wak. Ƙasarka ce ba ta da ƙarfi. Kashin kaji ya yi mata yawa."

"Ƙasar ce ta ciji mutum?"

"Ita ce ta kasa shanye wutar. Ƙasa ai iri-iri ce. Ku da ba ku yi aikin ba ba za ku gane ba."

Sati guda masu shan shayi na buɗe firij da sandar tsintsiya, har Ah Keong ya biyo ta wajen ya gyara. Labari ya bazu. Liman da ya hango Pak Derus ya nufo masallaci yana kallon lasifika, sai ya kulle ɗakin na'ura ya jefa mabuɗin cikin hularsa. Matan unguwa kuwa in sun ji ƙarar babur ɗinsa sai su kashe fitila su ce ai lafiyarta ƙalau, hutawa take.

Saura kwana uku takardar gayyatar jarrabawa ta iso. Pak Derus ya karanta, ya sake karantawa, sai ya fashe da dariya shi kaɗai.

"Semah! Zo ki ga tarko. Ɗakin jarrabawa a bene yake, hawa na biyu."

"Sai me?"

"Ina ƙasa a hawa na biyu? Da gangan suka yi. Yaran nan 'yan makaranta za su zo da littattafansu, su tsaya da koriya a hannu suna kallon siminti. Ni kuwa..." Ya nuna bayan gida da haɓa, inda bishiyar duriyan ɗin da mahaifinsa ya dasa take. "Baƙar ƙasa, shekara hamsin. Wutar gari guda ma za ta shanye. Kada ki gaya wa kowa."

"Wa zan gaya wa? Ina da sauran mutunci."

"Kuma ki dafa pulut. Babbar tukunya."

Mak Semah ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Pulut, rawayar shinkafar nan mai danƙo, ba a dafa ta sai buri ya cika: an sauke Alƙur'ani, an haihu lafiya, an dawo daga Makka.

"Abang, pulut bayan an ci ake dafawa, ba kafin a shiga ba."

"Wanda ke shakka ne ke jira. Ki sa miyar rendang ta naman sa, da dafaffen ƙwai a kai."

Bai tsaya nan ba, ya bi gida-gida yana gayyata. Ranar jarrabawa motar bas ta makaranta da aka aro ta cika maƙil: Tok Sidek da lemarsa, Wak Karto ya rufe rumfa, liman, mai yankan roban da firij ya ciza, da mata goma sha wani abu. Wasu don pulut suka zo, wasu don su ga birni, mafi yawa don kada a ba su labari. Mak Semah na baya da tukunya a cinya. Pak Derus na gaba, ya rungume wani abu nannaɗe da zane, bai yarda kowa ya taɓa ba.

Ɗakin jarrabawar dogo ne, tagoginsa a buɗe suna kallon baranda. Kowane mai ɗaukar jarrabawa da allonsa na katako a jikin bango. Mutanen Parit Buluh suka jeru a tagogin kamar masu kallon ƙwallo. Mai kula da jarrabawar wata mace ce siririya mai tabarau, Puan Rohana, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana.

Da taimakon gaggawa aka fara. An kwantar da mutum-mutumin roba a ƙasa, da waya a hannunsa.

"Pak Cik," in ji Puan Rohana, yadda ake kiran babba da girmamawa, "ka shigo ka tarar wuta ta kama abokin aikinka. Me za ka fara yi?"

Pak Derus bai ɓata lokaci ba. Ya yi kukan kura ya rungumi roban ta ƙugu, ya fizge shi, suka yi birgima tare. Ya zaro kwalbar man zafi daga aljihu ya shiga murza masa ƙirji.

Puan Rohana ta yi rubutu a takardarta. "Yanzu gawa biyu ke nan."

"Biyu kamar yaya, Puan?"

"Ba ka kashe makunni ba. Ka taɓa shi da hannu."

"Ai ni wuta ta san ni."

"Za ta ƙara sanin ka. Koma allonka."

Daga taga Wak Karto ya ce, "Amma roban ya ji daɗin tausa, Puan, a ba shi maki ɗaya." Puan Rohana ta juyo ta dube shi, ya ɓuya bayan liman.

Aikin allo ba mai yawa ba ne: ƙwan lantarki ɗaya, makunni biyu, soket ɗaya. Samarin da ke gefensa suna aunawa, suna yankewa a hankali, kowa ya kai koriyarsa ga wani ɗan ƙarfen tagulla da ke ƙasan allo, wanda tun gina ɗakin aka haɗa shi da sandar da aka binne a ƙasa. Pak Derus ya leƙa, ya ga sun ɗaura koriya a jikin bango, sai tausayi ya kama shi.

"Yaro," ya raɗa wa na kusa da shi, "wannan bango ne, ba ƙasa ba."

Saurayin ya dube shi, ya matsar da kayan aikinsa nesa.

Shi ya fara gamawa. Allon nasa ya yi kama da taliyar da aka kifar, wayoyi sun hau juna, kuma a can cikin cunkoson bakin koriya ya shige inda ja ya kamata ta shiga. Bai lura ba, hankalinsa na kan babban abin. Ya cire takalmansa ya jera a gefe, don a ganinsa ba a tsayawa kan aiki mai daraja da takalmi. Ya kwance zanen nan. Sai ga tukunyar yumɓu cike da baƙar ƙasa. Ya cusa ɗaya bakin koriyar a ciki har rabin kamu, ya zaro gorar ruwa ya shayar da ita sosai, har ruwan ya tsiyayo ta gindi ya bi daɓe.

'Yan taga suka miƙo wuya. Puan Rohana ta tako a hankali, riƙe da mitar gwaji.

"Pak Cik, mene ne wannan?"

"Ƙasa, Puan." Ya ɗaga murya don na taga su ji. "Na gano tarkonku tun daga gida. Ta gindin duriyan ce, ba ta kanti ba."

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Shekara goma sha tara ina wannan aiki," ta ce. Ba ta ƙarasa ba. "Kada ka taɓa komai. Sai na auna kafin a ba allon nan wuta. Bari in kira abokin aikina, ba zai yarda ba in bai gani da idonsa ba."

Tana juya baya, Wak Karto ya leƙo. "Derus, ko dai ba ya kamawa ne?"

"Wa? Nawa?"

"Na ga ta ce kada ka taɓa."

"Abang, kada ka taɓa," in ji Mak Semah.

Pak Derus ya dubi tagogin nan cike da fuskokin garinsu. Ya gyara wuyan riga, ya miƙa hannu ya ɗaga makunnin allon.

Ƙwai bai kama ba. Tukunyar ce ta fara tsuwa. Wani siririn tururi ya taso, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Sai ga tana ta leƙo, ta biyu ta biyo, kafin ka ce me sun fi ashirin, suna rige-rigen haurowa ta bakin tukunya suna zubowa daɓe.

"La ilaha illallahu," in ji liman. "Har na cikin ƙasa sun yi hijira."

Pak Derus ya ga abin zai zama abin magana. Ya sunkuya da sauri zai rufe tukunyar da tafukansa, ga shi ba takalmi, ga ƙafafunsa cikin ruwa. Abin da ya biyo baya, mutanen Parit Buluh har yau ba su daidaita kan sunansa ba. Wasu sun ce damben silat ne, wasu sun ce rawar biki ce. Ya yi wata ƙara irin ta akuya, ƙafa ɗaya ta tashi sama, testa ta yi tsalle daga aljihu. Sai ji aka yi ɗas! Babban makunnin ginin ya faɗi. Fankoki suka tsaya, fitilu suka mutu, daga hawan ƙasa aka ji ma'aikata na tambayar wa ya kashe musu na'ura.

Pak Derus ya zauna daɓas cikin ruwa da tana, gashinsa a tsaye. Saurayin nan na gefensa ne ya fara zare filogin allon, sannan ya ɗaga shi.

Puan Rohana ta duba idonsa, ta duba tafin hannunsa, ta ga lafiya lau. Sannan ta ce, "Pak Cik, ka gode wa Allah, ka gode wa wanda ya yi wayarin ginin nan. Shi lasisi gare shi."

"Puan," in ji Pak Derus da 'yar murya, "a ciki duka, wanne na ci?"

Ta duba takardar sama da ƙasa. "Ka zo a kan lokaci."

A gindin wata bishiya a harabar aka buɗe tukunyar pulut, don ba a mayar da abinci gida. Mak Semah ta zuba wa kowa, har samarin jarrabawa, har Puan Rohana da ta ce ba za ta ci ba sannan ta ƙara. Liman ya ce ai pulut ɗin bai tashi a banza ba, an tsira da rai, ya ɗaga hannu aka shafa. Tok Sidek ya matso kusa da Pak Derus ya ce a hankali, "Gobe zan aika wa Ah Keong."

Pak Derus ya tauna, ya haɗiye. "Aika masa, Tok. Dama na so in ba shi dama, yana da iyali."

Sati biyu Ah Keong ya gama aikin, aka zo aka duba, aka jona wuta. Sunansa aka rubuta a jikin akwatin makunni. Ranar buɗewa da hantsi zaure ya cika, mata a dama, maza a hagu, an ƙawata ko'ina da ganyen kwakwa. Pak Derus na can kujerar ƙarshe, ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Tok Sidek ya hango shi, zuciyarsa ta yi laushi. Bayan addu'a ya ce, "Ɗan'uwanmu Derus ya yi alkawari a gaban jama'a cewa hannunsa ne zai kunna wutar zauren nan. Aiki dai an gama shi, dannawa ce kawai. Derus, bismillah."

Pak Derus ya miƙe. Ya taka a hankali ta tsakiyar zaure, tumbi a gaba, yana naɗe hannun riga. Da ya wuce layi na farko ya ji motsin kujeru a bayansa, ya ɗauka girmamawa ce ake tashi tsaye. Bai waiga ba. Ya isa bango, ya ɗaga hannun dama, ya danna.

Fitilu goma sha biyu suka kama lokaci guda. Fankoki shida suka ɗauki juyi, kuma gaba suke juyawa.

Ya juyo da murmushi har kunne, sai ya tarar babu kowa. Kujeru a kife, takalma a warwatse a bakin ƙofa. Liman ta taga ya fita. Tok Sidek da ya yi gayyatar yana can bayan bishiyar kwakwa, ya buɗe lema ya kare kansa. Ah Keong kaɗai ke zaune a wurinsa yana ɓare gyaɗa, don shi ya san abin da ya ɗaura.

Pak Derus ya leƙa ta ƙofa, ya dubi jama'ar da ke tsaye a rana.

"Kun gani?" ya ce. "Taɓawa ɗaya."

"Mun gani, Abang," Mak Semah ta amsa daga can nesa. "Yanzu sa hannun a aljihu, mu shigo."

Nan na baro su, ana ta neman takalma.